Yusuf Latif, Faifansa na 1961, da Mabusan Kudancin Kano

A ranar 5 ga watan Satumba na shekarar 1961, wasu makaɗa huɗu, dukkansu baƙaƙen fatar Amurka, suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Rudy Van Gelder a jihar New Jersey, kuma a wannan rana guda suka cika faifai da kiɗa tara. Shugabansu shi ne Yusef Lateef, watau Yusuf Latif, mabushin saksofon. Tare da shi akwai Barry Harris mai fiyano, da Ernie Farrow mai ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinka tsirkiyarsa da yatsa, sai Lex Humphries mai ganguna. Suka sa wa faifan suna Eastern Sounds, ma'ana amon Gabas. Babu mawaƙi a cikinsa, babu kalma ko ɗaya da mai nazarin waƙa zai kwafa ya tsattsefe. Duk da haka ya cancanci a yi maganarsa a Sashen Hausa, domin mutumin da ya yi shi ya zo har Zariya ya zauna shekara huɗu yana koyon abin da ɗaliban Hausa suke wucewa ta gefensa kullum ba su ɗaga kai ba.

An haifi Yusuf Latif a shekarar 1920 a garin Chattanooga, ya tashi a birnin Detroit, inda baƙaƙen fata daga kudancin Amurka suka yi ta kwarara don neman aiki a masana'antun mota. Sunansa na yanka William Huddleston. Ya sauya shi ne wajen shekarar 1950 lokacin da ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya. Salon kiɗan da ya ƙware a kai shi ne wanda ake kira had-bof, wani reshe na kiɗan jaz da ya bunƙasa a tsakiyar shekarun 1950. Kafin wannan lokaci, makaɗan jaz sun kai kiɗansu wani matsayi na sauri da sarƙaƙiya har ya fara fin ƙarfin kunnen talaka. Sai irin su Art Blakey da Horace Silver suka komo da shi kusa da gida: suka ƙara wa ganga nauyi, suka ɗebo daga waƙoƙin baƙin ciki na bayin da da jikokinsu, suka ɗebo kuma daga yadda ake bayarwa ana amsawa a majami'un baƙar fata. Bahaushen da ya san jagora da 'yan amshi ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Ana kafa gindin kiɗa, kowane makaɗi ya fita ya yi yawonsa a kai gwargwadon hikimarsa, sa'an nan a komo gindi a rufe.

Abin da ya raba wannan faifai da takwarorinsa, kamar Saxophone Colossus na Sonny Rollins na 1956 ko Soul Station na Hank Mobley na 1960, shi ne Yusuf Latif bai tsaya ga saksofon kaɗai ba. Kiɗan farko, The Plum Blossom, da wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya buɗe shi, mai siffar ƙwai, wadda muryoyinta ba su da yawa. Yana ta juya 'yan muryoyin nan a hankali, kamar mai lallashin yaro, har sai mai fiyano ya karɓa. A wurare biyu kuma ya ɗauki obo, wani abin busa na Turawa mai bakin haki biyu a haɗe, wanda a wajen ƙira ɗan'uwan algaita ne na jini. Sai a kiɗan da ya kira Snafu ne ya saki saksofon da ƙarfinsa, da murya mai kauri da 'yar gurzawa, inda mai sauraro zai tuna cewa mutumin Detroit ne ke busa. Duk wanda ya saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe, wajen minti 40, zai lura da abu guda: mutumin ba ya gaggawa. Yakan riƙe murya ɗaya ya ja ta, ya lanƙwasa ta, ya bar shiru ya yi nasa aikin. Wannan haƙuri shi ne darajar faifan, kuma shi ya sa har yanzu ake sake buga shi.

Amma fa ba a rasa abin cewa ba. Gabas ɗin da ke cikin wannan faifai Gabas ce ta zuci, wadda aka harhaɗa daga littattafai da shagunan kayan kiɗa. An ɗauko sarewar Sin, an haɗa da wata molo ta ƙasashen Musulmi, sa'an nan biyu daga cikin kiɗan tara ma daga finafinan Amurka aka aro su, watau Spartacus da The Robe, waɗanda labarinsu na zamanin Rumawa ne. Wanda ya tara waɗannan duka ya kira su Gabas, ya yi daidai da wanda ya tara Bahaushe da Bazulu da Bahabashe ya ce ai duk kiɗan Afirka ne. Da a nan Yusuf Latif ya tsaya, da sai a ce gwani ne mai kunne, wanda ya ji ƙamshin miyar maƙwabta ya kwaikwaya ba tare da ya ga tukunyar ba.

Bai tsaya nan ba. A shekarar 1981, yana da shekara 60 da haihuwa, da digirinsa na uku a fannin ilmi wanda ya samu a Jami'ar Massachusetts a 1975, ya bar Amurka ya zo Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin babban mai bincike, ya zauna har 1985. Babban abin da ya sa a gaba shi ne sarewar Fulani. Mutumin da ya yi busa tare da Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley, shi ne ya komo ɗalibin abin da yaro makiyayi ke yankowa ya huda da kansa. A 1983 ya ɗauki wani faifai a Legas tare da makaɗan ganguna na ƙasar nan, wanda ya fito da sunan In Nigeria. A 1987 kuma littafin da suka rubuta tare da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausa ya fito. Gani ya kori ji.

To, a nan ne maganar ta iso gida. Matafiyin da ya baro Zariya zuwa Kano, in ya iso Kwanar Ɗangora ya karya dama, hanya za ta bi da shi ta Tudun Wada zuwa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, har duwatsun Riruwai. Wannan yanki, haɗe da Kiru da Bebeji da bakin madatsar ruwa ta Tiga, ƙasa ce ta noma da kiwo, inda rugagen Fulani ke maƙwabtaka da garuruwan Hausawa tun kaka da kakanni. Busa iri biyu ke zaune a nan. Akwai ta daji, watau sarewa, wadda makiyayi ke busawa shi kaɗai, ba don kuɗi ba, ba don wani ya yaba ba. Akwai kuma ta fada, watau algaita, wadda ke tafiya da sarauta, ana jin ta a ƙofar hakimi da wajen hawan salla da naɗin sarauta. Mai algaita yakan cika kumatunsa da iska, yana shaƙa ta hanci yana fitarwa ta baki a lokaci guda, har busa ta yi ta tafiya ba yankewa. Wannan dabara ce da mabusan saksofon na Amurka ke shafe lokaci mai tsawo suna koyo, ana tafa wa wanda ya iya ta. A fadar Hausa kuwa, ita ce abin da ɗan mabushi ke fara koya.

Ina rabon wannan busa a nazarin Hausa? Haƙiƙa an yi aiki mai yawa a kan waƙar baka. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Alhaji Mamman Shata, kuma Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka wadda ɗalibai ke bi. Amma in aka duba kundayen da ake ajiyewa shekara bayan shekara, za a ga kusan duk hanya ɗaya suke bi: a kwafi baitocin Shata ko Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, a fito da jigo, a fito da salo, a lissafa kamance da siffantawa da kambamawa, a rufe. Kalangu da kotso da taushi sukan sami shafi ɗaya a babi na biyu. Mabushi kuwa, da yake ba shi da baitin da za a kwafa, ba ya samun ko wannan. Littafin da aka fi komawa gare shi a kan sunayen kayan kiɗa da busa na Hausa har yau shi ne wanda David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971, da Turanci.

Masu kare wannan hali suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan ce Sashen Hausa sashen harshe ne da adabi, abin da ba shi da kalma kuwa ba adabi ba ne, a bar shi ga masana kiɗa. Amsar ita ce, algaita tana da kalma. Abin da take busawa a ƙofar fada take ne, kuma kowane take magana ce da aka tuɓe wa baƙaƙe da wasula aka bar karin sautinta da tsawon gaɓoɓinta. Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, ga kuma dogon wasali da gajere. Da waɗannan ne mabushi ke gina kirarin ubangidansa, har dattijon da ke zaune a zaure ya ji daga nesa ya san wanda ke tafe, ya kuma iya mayar da busar zuwa kalmomi. Ke nan ɗalibin da ya karanta ilmin furuci da tsarin sauti ya fi kowa cancantar wannan aiki. Baƙo, kome kaifin kunnensa, zai ji daɗin muryar ne ya auna hawa da saukarta, amma ba zai ji habaicin da ke ciki ba. Yusuf Latif ya iya rubuta sautin sarewa a takarda. Ma'anar taken wani dagaci a ƙasar Kiru, da dalilin da ya sa aka yi wa kakansa shi, sai ɗan ƙasa.

Game da sarewa, gaskiya ne hujjar take ba ta kama ta sosai ba, don yawancin busar makiyayi ba kirarin kowa ba ce. Sai dai sashen da ya yarda ya yi nazarin saƙa da jima da ƙira da wasan dambe a ƙarƙashin al'ada ba shi da bakin cewa sarewa ta fita daga huruminsa.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa a fili ba, shi ne raini. A tsarin zaman Hausawa, makaɗi da mabushi suna cikin rukunin maroƙa, ana jin daɗinsu ana ba su kyauta, amma ba kowa ke son a gan shi zaune a gabansu yana ɗaukar karatu ba. Ɗalibi zai fi son a ce ya yi hira da wani babban malami ko basarake. Abin sha'awa, shi ma Yusuf Latif ya yi fama da irin wannan raini a ƙasarsu. Ya ƙi jinin kalmar jaz ɗin kanta, don yana ganin tana ɗauke da ma'anar ƙasƙanci, kuma daga wajen 1980 ya daina busa a wuraren da ake sayar da giya. Bai jefar da sana'ar ba, sai ya nema mata mutunci, ya kai ta aji. Ya koyar da ita a jami'a shekaru masu yawa, ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93.

Lokaci kuwa ba ya jiran mai bincike. Tun daga shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Hausa suka yi ƙarfi, fiyano mai lantarki ta zama ita ce ganga, ita ce sarewa, ita ce algaita, mutum ɗaya a ɗaki yana danna su duka. Gidan biki da a da zai kira makaɗa, yanzu yakan ɗauko manyan lasifikoki. Yaron da ke bin shanu yana da waya a aljihu cike da waƙoƙi, ba lallai ne ya ga dalilin huda kara ba. Satar shanu da ta addabi dajin Falgore a tsakiyar shekarun 2010 ta tayar da rugage da dama. Algaita tana da ɗan sauƙi, tun da sarauta na riƙe da ita, amma ita ma gado ce, kuma ɗan gado in ya ga sana'a ba ta ciyar da gida, kasuwa zai nufa. Idan tsohon mabushi ya mutu, algaitarsa za ta rage a rataye, taken da ke kansa ne ba za a same su a ko'ina ba.

Aikin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A zamanin Ames da King sai an yi dakon rikoda mai nauyi da batura. A yau wayar da ke hannun kowane ɗalibi ta isa. Abin da ya rage shi ne malamai su yarda da irin wannan batu a matsayin kundin digiri na farko, su kuma sa sharaɗi cewa muryar da aka ɗauka za a ajiye ta a sashe tare da kundin, da sunan mabushin da garinsu da wanda ya koya masa, kada a sake maimaita halin nan na rubuta “wani makaɗi” alhali mutum yana da suna. Ɗalibin da ya fito daga Bebeji ko Tudun Wada zai zauna da mai algaita, ya sa shi ya busa take, sa'an nan ya faɗe shi da baki, a rubuta kalmomin a sa musu alamun karin sauti, a gwada su da abin da aka busa, a ga inda suka dace da inda mabushi ya yi wa harshe kwaskwarima don daɗin kunne. Masu algaita a lokacin salla ake samunsu a haɗe. Masu sarewa kuwa sai da kaka, bayan an kwashe amfanin gona, lokacin da shanu ke saukowa cin kara a gonakin Kiru da Doguwa.