Shawarar Wata: Gansakuka a Ruwan Dabbobi

In bazara ta kama, ruwa yana ja da baya a tabkunan Magarya da Dungas, har da na Lasuri. Zafin rana da kashin shanu suna haifar da gansakuka. Wata iri, mai kama da koren fenti bisa ruwa, tana da dafi. Tana iya kashe saniya cikin yini ɗaya. Tafasa ruwan ba ya kashe dafin.

Makiyayi mai hankali ba ya shayarwa a irin wannan ruwa. Rijiya yake kai garkensa. Kowane mako yana goge komin shayarwa da yashi, ya bar shi ya bushe. In dabba ta kama makyarkyata bayan shan ruwa, sai a garzaya wurin likitan dabbobi.