Amanar Mai Nazarin Halayyar Ɗan Adam

Ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, tun daga Runka ta ƙaramar hukumar Safana har zuwa ƙasar Batsari, sun daɗe suna fama da hare-haren 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane 30 a Tsauwa da Ɗankar, a watan Disambar shekarar kuma aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Yaran da suka ga irin wannan tashin hankali suna zaune a azuzuwa yau, kuma ɗalibin kwalejin ilimi mai rubuta kundin kammala karatu zai so nazarin halin da zukatansu ke ciki. Niyyar mai kyau ce, sai dai tana ɗauke da amana mai nauyi.

Amanar farko ita ce neman yarda. A shekarar 1996 kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, a kan yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kuma zargin da ya biyo baya yana cikin dalilan ƙin rigakafin shan'inna a 2003. Darasin ya shafi mai nazarin halayya. Izinin hedimasta ko mai unguwa ba ya maye gurbin yardar iyaye da ta yaron kansa. Bahaushen yaro ba ya iya cewa malami a'a saboda kunya, don haka wajibi ne a sanar da shi cewa yana da 'yancin yin shiru ko tashi.

Ta biyu ita ce rufin asiri. A yankin da ake zargin juna da kai wa 'yan bindiga rahoto, ambaton sunan mai magana ko unguwarsa a cikin kundi yana iya jawo masa halaka.

Ta uku ita ce tausayi. Tambayar da ke fama tsohon miki, mai bincike ya tafi ya bar yaro da kuka, zalunci ce. Idan babu wanda zai lallashe shi bayan hira, barin tambayar ya fi alheri, ko da kundin zai rasa babi guda.