Kwana 14 bayan goge imel: giɓin da ke cikin shirin daina aiki da takarda

Tun da Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda, hankali ya karkata ga sayen kwamfutoci da buɗe adireshin imel na hukuma. Ba a cika tambayar tsawon lokacin da za a iya dawo da saƙon da ma'aikaci ya goge ba.

A manhajar Microsoft Exchange, wadda kamfanoni da hukumomi da dama ke amfani da ita, saƙon da aka goge, aka kuma zubar da kwandon shararsa, yana komawa wani ɓoyayyen ma'aji ne na kwana 14, muddin ba a taɓa saitin ba. A nau'in da ke kan intanet, iyakar abin da za a ƙara shi ne kwana 30, sai fa idan an ɗora wa akwatin umarnin riƙewa saboda shari'a.

A auna wannan da hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka bayar da kwangilarta a 2011, ta kuma haura shekara goma ma'aikatan da ke zaune a Karshi suna jiranta cikin cunkoson Nyanya. Ministoci sun zo sun tafi, daraktoci sun yi ritaya. A tsohon tsari, mai binciken irin wannan aiki zai tarar da fayil a rajista, ko da ƙura ta rufe shi, da sa hannun kowa da kwanan wata. Idan amincewa da ƙarin kuɗi ko sauya zane ta koma imel, mataimaki ɗaya da ke rage cikar akwatin maigidansa zai iya shafe ta ba da wata mugun nufi ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 10 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga jami'in da ya lalata bayanan hukuma da gangan. Sai dai na'urar da ta share saƙo bisa saitinta ba ta da niyya, kuma a nan gardamar lauyoyi za ta tsaya. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, da damar ƙarin 7. Jimilla 14 ke nan: saƙon da aka goge ranar da buƙata ta iso zai iya salwanta ranar da wa'adi ya cika.

Ajiye komai har abada ma ba mafita ba ce, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da buƙata. Don haka tsayar da wa'adin hukunci ne na babban sakatare da lauyan ma'aikata, a rubuce cikin takardar umarni, tare da bambanta akwatin daraktan sayayya da na ƙaramin magatakarda. Inda ba a rubuta ba, jami'in sashen kwamfuta ne zai yanke shi, kuma abin da ya fi damunsa shi ne kada ma'ajin ya cika.