Zare: Ƙarar lasifika daban, jin magana daban

1/ Jama'a ku ɗan ba ni aron kunnenku. Aikina haɗa kayan sauti a taron waje: tafsiri, Maulidi, walima, saukar karatu, biki, har da tarukan coci a Sabon Gari idan an kira mu. A Gyadi-Gyadi nake zaune. Yau zan faɗi abin da masu ba mu aiki ba sa son ji, kuma da mu kanmu a ciki.

2/ Ra'ayina a taƙaice: yawancin tarukanmu ƙara ce ta yi musu yawa, magana kuma ba ta fita. Na gaba kunnensa na zafi, na baya bai fahimci komai ba, maƙwabci bai yi barci ba. An kashe kuɗin haya da na mai, an tashi babu wanda ya ƙaru. Kuma duk wannan yana da gyara, gyaran ma ba tsada.

3/ Abin da ya sa na rubuta. Kwanaki muna aiki a wani lungu kusa da Court Road, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sai ga wata dattijuwa ta zo bayan teburina. Ta ce, "Ɗan nan, don Allah ka rage. Maigidana jiya aka sallamo shi daga asibiti, tun magariba bai runtsa ba." Na ce, "To Hajiya, ki yi haƙuri, yanzu."

4/ Ina ragewa, ko minti biyu ba a yi ba mai taro ya aiko yaro: "Oga ya ce ka ƙure, kuɗi ya biya." Na tashi na juya lasifikan biyu da ke kallon gidaje, na mayar da su kan mutanen da ke zaune. Ban ƙara ko ɗigo ba. Bayan an tashi shi da kansa ya ce, "Ka ga da ka ƙure ai ya fi fita." Ban ce masa komai ba.

5/ Ku tuna inda muke. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan Titin Zariya, a tsakiyarmu. Gidaje nawa ne a Gyadi-Gyadi, Darmanawa, Daurawa da Unguwa Uku suke da majinyaci ko mai jego, ko ma'aikacin jinya da ya kwana kan aiki, ko ɗalibi mai jarrabawa gobe? Lasifikar da ka ɗora kan falwaya ba ta san wannan ba. Kai ne ka sani.

6/ Bari mu ɗan shiga lissafi, ba mai wahala ba ne. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya ce kunne na iya ɗaukar 85 na awa 8. Duk ƙarin 3 kuma, lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15 kacal.

7/ A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taro da shagali: kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100. Ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yawan ƙara. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Wannan "ziii" da kake ji bayan biki gargaɗi ne kunnenka ke yi maka.

8/ Kuma su wa ke zama a gindin lasifika? Yara. Kullum yara. Su ne ke rige-rigen zama gaba, wasu har su jingina da akwatin don su ji bugun a ƙirjinsu. Manya na can kan kujeru a nesa suna cewa a ƙara. Wallahi duk lokacin da na ga haka raina ɓaci yake yi.

9/ Lissafi na biyu: a fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti na raguwa da kusan desibel 6. Idan a mita 1 kana da 100, a mita 2 ya koma 94, a 4 ya koma 88, a 8 ya koma 82, a 16 ya koma 76, a 32 ya koma 70. To idan lasifika biyu kawai ka kafa a gaba kana son na mita 30 ya ji sosai, dole ka azabtar da na sahun farko.

10/ Mafita: maimakon manya biyu a ƙure, sa ƙanana huɗu ko shida a rarrabe cikin filin, kowacce da matsakaicin ƙarfi. Kowa na kusa da guda ɗaya, babu wanda aka ƙure wa. Sautin ma ba ya tsallake katanga sosai ya shiga ɗakin mutane.

11/ Amma akwai sharaɗi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wutar da ke cikin waya kuwa nan take take isa. Lasifikar da ka kai mita 30 za ta riga ta gaba isa kunnen mutanen baya da kusan milisakan 90. Shi ne kake jin malam ɗaya kamar mutum biyu na jayayya. Sai an jinkirta ta bayan, kusan milisakan 3 a kowace mita. Miksa ta zamani na yin wannan.

12/ Lissafi na uku, na masu cewa "ƙaro amfilifaya": idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka samu. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Wato kuɗin da za ka kashe kan ƙarfi, da ka kashe shi kan ƙafar ɗora lasifika da waya mai kyau da ya fi maka amfani.

13/ Ɗaga lasifika sama da kan mutane, ka ɗan sunkuyar da ita ta kalli tsakiyar taro. Jikin mutum da tufafinsa na shanye sauti, musamman siririn ɓangaren da ke bambanta "sa" da "sha" da "tsa". Idan akwati na ƙasa, sahu uku na farko sun shanye wannan, na baya sai gunaguni ya isa gare su.

14/ Kukan makirfo, wannan "ƙiiii" da ke sa kowa toshe kunne: ba aljani ba ne, ba kuma sharrin maƙiya ba. Makirfo ne ke ɗaukar abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata, abin ya yi ta zagaye. Ka sa lasifika a gaban mai magana, bayanta na kallonsa. Mai magana ya matso da makirfo kusa da baki, kuma kada ya dunƙule kansa da tafin hannu kamar mawaƙi.

15/ Sai eko. Malamai, Allah Ya ƙara muku lafiya, ku yafe min. Ɗan kaɗan a ƙira'a yana da daɗi, ban musa ba. Amma a bayani da fassara eko na cinye ƙarshen kalma, kalmar gaba ta hau kan ta baya. Unguwanninmu kuma ga katangu ko'ina suna dawo da sauti da kansu. Wanda ya zo ɗaukar karatu kalma yake nema.

16/ Yanzu abin da ke iya kashe mutum: wuta. Idan kayan ba su da wayar ƙasa, makirfo mai igiya na iya jan mai magana a leɓe. Na ga an yi dariya da ya faru da wani mai gabatarwa. Ba abin dariya ba ne, wutar da muke aiki da ita wajen bolt 230 ce. A kafa ƙarfen ƙasa ga janareta, a daina cire ƙafa ta uku ta fulogi, a daina haɗa waya da leda.

17/ Janareta a ajiye shi nesa, a inda iska ke kaɗawa, ba cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa ba. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Kada a haɗa kayan sauti layi ɗaya da firji ko abin dafa ruwa. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko. Jar fitila na ƙiftawa a kanta kuwa, kana dab da ƙona lasifika.

18/ Damina: kun san hadarin Kano, iska ce ke fara zuwa kafin ruwa. Lasifika mai nauyi a kan ƙafa uku ba tare da an danne ƙafar da buhun yashi ba, ga yara a ƙasa, ku ƙarasa da kanku. Hunturu kuma ƙura ke shiga miksa. Sannan da dare idan ƙasa ta yi sanyi sauti na karkatowa ƙasa ya yi nisa fiye da rana. Ƙarfin da ya dace da la'asar ya yi yawa da sha biyun dare.

19/ Abin da na koya a aikin coci a Sabon Gari, kuma zan faɗa ko za a zage ni: inda na yi aiki, sauti na da mutanensa. Matasa ne na cikinsu da aka ware, suna zuwa awanni kafin taro, a gwada kowane makirfo ɗaya bayan ɗaya, mawaƙa su gwada, mai wa'azi ya gwada. Mutum ɗaya ne ke da ikon taɓa miksa.

20/ A namu tarukan fa? Sai an shimfiɗa tabarmi mutane sun zauna sannan a tuna da mai lasifika. Ana "gwaji, gwaji" malam na zaune yana jira. Sannan kowane ɗan kwamiti da ya wuce sai ya murɗa wani abu. Idan ta lalace kuma a ce mai kaya bai iya ba.

21/ Kada ku ce na wanke su. A wani taron dare na shiga sabuwar shekara na sha fama da masu son ganga da bes su girgiza unguwa har asuba, alhali akwai gidaje a manne da filin. Cutar iri ɗaya ce: kowa na ganin girman taronsa a nisan da ƙararsa ta kai. Ɗan siyasa a kamfen da mai DJ a biki ma haka.

22/ Na san abin da wasu za su rubuto: "Kana son a rage sautin addini." A'a. Ina son a ji shi. Akwai matan da ke sauraron tafsiri daga cikin gida, wannan hujja ce mai ƙarfi kuma na yarda da ita. Amma yau kusan kowane gida akwai waya, majalisu da yawa na haskawa kai tsaye a Facebook, gidajen rediyon Kano na sa tafsiri duk azumi. Mai so zai samu tsaf, ba tare da an tilasta wa marar lafiya ba.

23/ Ko a Saudiyya, a Mayun 2021 ma'aikatar harkokin addini ta ba da umarnin a taƙaita lasifikan waje na masallatai ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarfin ya wuce kashi ɗaya cikin uku. An yi ta muhawara a kai, amma dalilin da aka bayar shi ne yara da tsofaffi da marasa lafiya. Haƙƙin maƙwabci ai ba mu ne muka ƙirƙiro shi ba.

24/ A nan gida ma akwai doka. Hukumar NESREA na da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009. A 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Ni ba na fatan mu kai nan a Kano, kun san yadda irin wannan ke juyewa ya zama wata magana daban. Shi ya sa gara mu gyara da kanmu, tun a matakin mai unguwa da kwamitin masallaci ko na coci.

25/ Ga abin da nake roƙon masu shirya taro. Ku kira mai sauti ya ga filin kwana ɗaya kafin ranar. Ku ba shi aƙalla awa 2 na haɗawa da gwaji. Ku juya lasifika ta kalli taro, ba gidaje ba. Ku sanar da maƙwabta, ku sa lokacin tashi, ku cika shi. Bayan goma na dare a kashe masu kallon waje.

26/ Mu masu kaya kuma mu ji tsoron Allah. Kada tsoron rasa kwastoma ya sa ka ƙure abin da ka san zai cutar. Yi masa bayani, nuna masa. Ka zaga bayan fili ka saurara da kunnenka maimakon ka manne a teburi. Ka kuma nemi abin toshe kunne, domin kunnen nan shi ne jarinka.

27/ Ku kuma matasa, wayar da kuka sayo a Farm Centre na iya wannan aikin. Sauke manhajar auna sauti, akwai na kyauta. Ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma za ta ba ka haske. In babu, ga gwaji mai sauƙi: idan sai ka yi ihu kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, wurin ya yi ƙara. Ja ƙannenka ku matsa baya.

28/ Hajiyar nan kuwa, bayan sati biyu muka haɗu a bakin titi. Ta gane ni kafin in gane ta. Ta ce, "Ɗan nan, ranar ya samu barci, Allah Ya yi maka albarka." Mai taron ma ya sake kirana wani aiki, har yanzu yana zaton ƙurewa na yi.

29/ Masu sana'ar nan na Tarauni da kewaye, ku faɗo abin da na manta a ƙasa. Wanda kuma lasifika ta taɓa hana shi barci ko karatu, ya tura wa ɗan kwamitin unguwarsu wannan zaren. Allah Ya sa mu dace.