Pi Ɗaya, Dala 314,159: Raddi Ga Masu Yanke Farashi Da Baki

Tun kafin a buɗe cinikin Pi a kasuwannin kirifto ranar 20 ga Fabrairun 2025, wani ra'ayi ya riga ya kafu a zukatan 'yan maining da yawa: wai Pi guda ɗaya darajarta dala 314,159 ce. Suna kiran wannan farashi GCV, wato farashin da jama'ar Pi na duniya suka yi ittifaƙi a kansa. Lambar kuwa ba daga wani ciniki ta fito ba. An ɗauko ta ne daga lambar lissafin da'ira, 3.14159, wadda kuɗin ya ci sunanta. Da kasuwa ta buɗe, farashi ya taɓa kusan dala 3 cikin makon farko, sannan ya yi ta gangarowa har ya sauka ƙasa da rabin dala kafin shekarar ta ƙare. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba, sai ma ƙarin hujjoji da ya samu.

Ba na cikin masu cewa duk kirifto damfara ce, kuma ba na yi wa 'yan maining dariya. Wanda ya ga dala ta tashi daga kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ba a ganin laifinsa don ya nemi wata ma'ajiya. Sai dai tausayi ba ya gyara lissafi. Ga hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, ga kuma amsa.

Hujja ta farko: "Kuɗi yarjejeniya ce"

Suka ce: kakanninmu sun yi ciniki da wuri, mu kuma muna yi da takarda. Ba wuri ake ci ba, ba takarda ake sawa ba. Yarda ce ta ba su daraja. To idan miliyoyinmu muka yarda da farashi, wa zai hana shi tabbata?

Muka ce: rabin maganar gaskiya ce. Yarda tana ba kuɗi daraja, amma yardar wa? Yardar mai karɓa, ba ta mai riƙe ba. Wuri ya yi aiki a Kano ne domin mai hatsi yana karɓa, mai rini yana karɓa, hukuma kuma tana karɓar kuɗin ƙasa da shi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Ba masu buhunan wuri ne suka taru suka yanke haka ba, ciniki ne ya haifar. Da 'yan kasuwar Jamus suka riƙa kwararo da wurin Zanzibar a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, sai darajarsa ta yi ta zubewa, alhali babu wanda ya daina yarda da shi. Yawa ne ya karya shi. Daga baya Turawan mulki suka ce sai da sulalla za a biya haraji, shi ke nan wuri ya koma kayan ado.

Naira ma mun ga ƙarshen wannan muhawara da idonmu a farkon 2023. Takarda ɗaya ce, tsohuwar dubu ɗaya: yau mai shayi ya karɓa, gobe ya ture ta, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da amfani da ita. Masu riƙe da ita duk sun yarda dubu ce, amma yardarsu ba ta sayo musu ko gwangwanin gari ba. Idan mutanen ƙauye suka yi taro suka amince cewa kowace akuyarsu miliyan goma ce, ranar kasuwar Wudil za su koma gida da awakinsu.

Hujja ta biyu: "Bitcoin ma daga banza ta fara"

Suka ce: a watan Mayun 2010 wani mutum ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza biyu, ga shi a Disambar 2024 guda ɗaya ta haura dala 100,000. Masu dariya a wancan lokaci su ne masu cizon yatsa yau.

Muka ce: labarin gaskiya ne, amma ku yake kayarwa. Babu ranar da masu Bitcoin suka kaɗa ƙuri'a a kan farashi. Kowane mataki da ta taka, wani ne ya ciro dalarsa ya biya. Ta kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, ta faɗo zuwa kusan 16,000 bayan shekara guda, kuma babu ittifaƙin da ya tare ta.

Sannan a dubi yawa. Bitcoin ba za ta taɓa wuce guda miliyan 21 ba. Pi kuwa iyakarta biliyan 100. A ninka biliyan 100 da dala 314,159, za a samu sama da dala tiriliyan dubu 31. Duk abin da duniya baki ɗaya ke samarwa a shekara, daga man Saudiyya zuwa masana'antun Sin, kimanin dala tiriliyan 110 ne a 2024. Ke nan ana so mu yarda cewa Pi ta ninka arzikin shekara na duniya kusan sau 300. Ko da a ce biliyan ɗaya tal ke hannun mutane, jimillar ta kai dala tiriliyan 314. Bitcoin kanta, a ranar da ta haura dala 100,000, duk darajarta wajen tiriliyan 2 ce. A ina masu sayen za su samo kuɗin?

Kuma mai kafa hujja da Bitcoin ya riƙa tunawa da maƙabartar da ke bayanta. BitConnect ta rufe a Janairun 2018. OneCoin ta cinye wa mutane sama da dala biliyan 4, shugabarta Ruja Ignatova ta ɓace tun 2017. Kowannensu an tallata shi da irin wannan labari.

Hujja ta uku: "Farashin kasuwa ba shi ne na gaskiya ba"

Suka ce: abin da ake gani a OKX da Bitget wasan 'yan caca ne. Pi ta asali, wadda aka haƙa da waya, darajarta daban, kuma akwai masu kaya da ke karɓarta a farashin GCV.

Muka ce: a kundin bulokcen Pi ɗaya ce. Wadda aka sayar a kasuwa ai daga walat ɗin wani mai maining ta fito. Idan ta shiga naka walat, da ita da wadda ka haƙa adadi ɗaya ne a allo.

Mu gwada maganar a shago. Ga mai sayar da babura ya ce yana karɓar Pi a farashin GCV. Babur na naira miliyan ɗaya da rabi, wajen dala 1,000 ke nan, bai kai kashi ɗaya cikin 300 na Pi guda ba. Sai wani yaro ya buɗe wayarsa, ya sayi Pi ɗaya a kasuwa da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ya ce a fito masa da babur 300. Shin mai shago zai ɗauko makullai? Idan ya ɗauko, kafin azahar shagonsa ya zama fili. Idan ya ƙi, to ya yarda da farashin kasuwa ke nan, ko da bakinsa yana musu. Haka kuma wanda ya yi imani da GCV da gaske, yana ganin abin dala 314,159 ana sayarwa ƙasa da dala ɗaya, ai da tuni ya sayar da gona ya saye. Da yake bai yi ba, aljihunsa ya fi bakinsa sanin gaskiya. Kamfanin da Nicolas Kokkalis da Chengdiao Fan suka kafa, wanda ya ware wa kansa biliyan 20 daga cikin biliyan 100 ɗin, shi ma bai taɓa yin alkawarin sayen Pi ɗin kowa a wannan farashi ba.

Akwai kirifto mai tsayayyen farashi, kamar USDT da 'yan kasuwarmu ke biyan kaya da ita. Amma ba fata ne ya tsayar da ita a dala ɗaya ba; kamfanin Tether ne ke cewa yana ajiye da kadarori, galibi takardun bashin gwamnatin Amurka, da zai fanshe ta da su. TerraUSD da ta dogara ga dabarar lissafi da amincewar jama'a, cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022 ta ruguje tare da 'yar'uwarta Luna, kimanin dala biliyan 40 suka narke.

Hujja ta huɗu: "Ai kyauta ce, ba mu yi asarar komai ba"

Muka ce: banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai danna alamar walƙiya kowace awa 24 tun 2019 ya ba da datarsa, ya kalli tallace-tallace, ya jawo 'yan'uwa da abokai, ya kuma miƙa katin shaidarsa da hoton fuskarsa wajen tantancewa. Waɗannan duk kaya ne masu daraja. An ga irin haka a Hamster Kombat: wata da watanni ana dangwale waya, da ta fashe a Satumbar 2024 da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Babbar asarar ma ba a nan take ba. Tana wajen wanda ya ji GCV ya ɗauki jarinsa ya saya a dala 2, da wanda ya ƙi sayarwa a dala 3 yana jiran dubu ɗari uku, da wanda ya ci bashi ko ya yi sakaci da sana'a yana jiran ranar fashewa.

Hujja ta biyar: "Bulokcen ba ya kutsuwa"

Muka ce: ɓarawo ba ya wahalar da kansa da kundi, mai walat yake nema. Dukiyarka duka tana rataye ne da kalmomin sirri 24. Saƙo zai shigo da tambarin Pi, a ce shiga nan ka tabbatar da walat ɗinka don a buɗe maka farashin GCV. Ka kwafa kalmomin ka liƙa, shafi ya yi ta juyawa, ka koma ka tarar da sifili. Babu manajan da za ka kai wa kuka, kuma abin da aka tura ba ya dawowa. Wannan rashin juyawar da ake yabo shi ne ke kare ɓarawo. Duk wanda aka cusa wa cewa Pi 500 ɗinsa ta fi dala miliyan 150, shi ya fi saurin faɗawa wannan tarko.

Manyan kasuwanni ma ba su tsira ba. FTX ta durƙushe a Nuwamban 2022, aka ɗaure mai ita Sam Bankman-Fried shekara 25. A Fabrairun 2025 aka kwashe wa Bybit kimanin dala biliyan 1.5, hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. A nan gida kuwa, CBEX ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ta yi a Disambar 2016.

Hujja ta shida: "Gwamnati ta halatta, malamai sun yarda"

Muka ce: gaskiya ne Babban Bankin Najeriya ya janye a Disambar 2023 takunkumin da ya sa wa bankuna a Fabrairun 2021, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC. Amma doka ta ba da izinin ciniki ne, ba ta lamunce wa kowa farashi ba.

Malamai kuwa sun saɓa. Hukumar fatawa ta Masar da majalisar malaman Indonesiya sun hana mu'amala da kirifto a matsayin kuɗi, majalisar Shari'a ta hukumar hannun jarin Malesiya ta halatta cinikinsa a 2020 a kasuwannin da aka yi wa rajista. Masu halattawa sukan kafa hujja da matsayin Imamu Malik cewa ko fata mutane suka mayar kuɗi, hukuncin kuɗi zai hau kanta. To sharaɗin ai shi ne mutane su riƙa ciniki da ita a aikace. Kuma ko wanda ya halatta cinikin bai halatta najashu ba, wato kambama farashin kaya ba da niyyar saye ba, don wani ya ruɗu ya saya. Mai shelar cewa abu ya kai dala 314,159, alhali shi ba zai biya ko dala 10 ba, ya duba kusancinsa da wannan babi.

Abin da ya rage

Mai Pi ya riƙe abarsa ko ya sayar, wannan zaɓinsa ne, kuma farashi na iya hawa ko sauka kamar na kowace kadara. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya gina aure, bashi ko barin aiki a kan lambar da babu mai saye a kanta. Ya ƙirga dukiyarsa da farashin da zai iya karɓa yau a asusunsa, ya rubuta kalmominsa 24 a takarda ya ɓoye, kada ya ba kowa ko da wane suna ya zo.

Ga masu GCV kuwa, ƙofar amsa a buɗe take, kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Ku kawo mutum ɗaya da ya sayar da Pi guda ya karɓi dala 314,159 a hannu, ko ɗaya daga cikinku da ke shirye ya biya hakan. Idan ba a samu ba, ku daina faɗa wa talakawa cewa su attajirai ne.