Filin Mata: Mai Jegon Da Ta Daina Dariya

Yau zancenmu a kan masu jego ne.

Kwanan baya na je barka wani gida a nan Kafin Hausa. Aka yi suna, aka watse. Da na koma bayan mako 3, sai na iske yarinyar a ƙuryar ɗaki, jariri na kuka, ita ma tana kuka. Ba barci, ba cin abinci, kullum faɗuwar gaba. Uwar miji ta ce sangarta ce. Maƙwabciya ta ce iska ce. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke ranta.

To, 'yan'uwa, wannan ciwo ne, likitoci suna kiransa ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 takan sami irin wannan larura bayan ta haihu. Ɗan kukan kwana biyu ba kome, yakan wuce. Amma in ya zarce mako 2, sai a nemi magani.

Wane irin magani? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jiki da zuciya tare suke ciwo, tare kuma ake yi musu magani. Likita zai auna ta, ko tana da ƙarancin jini ko hawan jini. Masanin halayyar ɗan'adam zai zauna da ita, ta amayar da abin da ke cinta, ya koya mata yadda za ta kori mugun tunani, ta gyara barcinta, ta riƙa fita cikin mutane. In abin ya yi tsanani a haɗa da ƙwayoyi. Addu'a kuwa ba ta hana asibiti, asibiti bai hana addu'a ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma ta a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye, kowa tare da danginsa, da rana su je asibiti. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Watau dangi ma masu magani ne.

Saboda haka a fara da asibitin da ke kusa. In ya fi ƙarfinsu za su tura ta asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Amma in ta ambaci kashe kanta, ko cutar da jariri, ko tana jin muryoyin da ba kowa, kada a kwana, kada kuma a bar ta ita kaɗai.

Yarinyar nan yayarta ce ta matsa har miji ya kai ta. Jiya na same ta tana yi wa ɗanta rawa.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Ke kuma mai zuwa barka, bayan kin ga jariri, ki dubi uwar, ki ce, "Ke fa, yaya ranki?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.