Haki Ba Lalaci Ba Ne

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da muka raina, wato haki. Sau nawa yarinya kan ɗauko tulu daga rijiya tana nishi, mu ce lalaci ne? Sau nawa matar aure kan kasa gama daka, a ce son jiki ne? Ni kaina na sha tsawata wa ɗalibaina a filin wasa kafin in gane kuskurena.

Akwai wani ciwo mai toshe ƙananan jijiyoyin da ke kwaso jini daga huhu zuwa zuciya. Likitoci na kiransa PVOD, kuma a Jamus aka fara bayyana shi cikin 1934. Ba shi da yawa, don a cikin mutum miliyan da ƙyar a sami ɗaya ko biyu. Amma fa alamunsa irin na kullum ne: haki da an yi ɗan aiki, gajiya, tari, jiri ko suma, da kumburin ƙafafu. Shi ya sa akan ɗauka asma ce ko ciwon zuciya.

Ba a gane shi da ido. Sai an auna numfashi, an ɗauki hoton zuciya da na huhu, wani lokaci a zura siririn bututu ta jijiya har zuciya a auna ƙarfin jini. Cikin 2014 masana a Faransa suka gano wani irinsa gado ne, sai ɗa ya gada daga uwa da uba duka. Saboda haka mu masu auren zumunci, in likita ya tambaya, kada mu ɓoye dangantakarmu da maigida, ko labarin wanda irin wannan ya kashe a danginmu.

Ga abin tsoro. Maganin hawan jinin huhu, wanda ke taimakon wasu, yana iya tara wa mai wannan ciwo ruwa a huhu. To, ina ga ke mai aikawa kemis a sayo miki abin da ya yi wa maƙwabciya aiki?

Ba na ce duk mai haki ta kamu ba. Sau da yawa ƙarancin jini ne ko asma. Amma in an sha magani haki bai tafi ba, a koma asibiti, a roƙi likita ya tura ku asibitin koyarwa. 'Yan makaranta, ku faɗa wa malamanku. Iyaye mata, ku saurari 'ya'yanku kafin ku yi faɗa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.